Ɗan tunkiya ya yi sanyi ya kasa tashi: yadda zaka ceto shi a nan Legas

Mutane da yawa a garin nan in kace musu sanyi yana kashe ɗan tunkiya sai su ce wane irin sanyi kuma a Legas, garin da ake kwana da fanka. To amma ka tambayi duk wanda ya daɗe yana kiwo a Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba, zai gaya maka da yawa daga cikin 'ya'yan tumakin da ake rasawa a kwana biyu ukun farko ba wata cuta bace ta kama su, sanyi ne da yunwa suka haɗu. Ɗan nan fa daga cikin uwarsa ya fito inda zafin wajen ya kai digiri 39, ya faɗo a jiƙe sharkaf kan siminti ko kan laka, ga ruwan watan Yuni da Yuli da yake kwana yana zuba, ga iska tana shigowa ta ƙasan rumfa, ga shi tumakinmu irin su Balami da Uda da Yankasa gashi gare su ba ulu ba. Jiƙaƙƙen jiki in iska tana kaɗa shi zafinsa zubewa yake da sauri, kuma jikin ƙarami ne, kilo biyu ne ko uku ko huɗu, ba shi da inda zai ɓoye ɗumi. Haka ma asubahin hunturu a Disamba da Janairu. Sai kuma wata matsala tamu ta nan, tumakin da ake lodowa a tirela daga Arewa da tsohon ciki, su sha doguwar hanya ba ci ba sha sosai, ana saukewa a kara kwana kaɗan su haihu, uwar a galabaice ɗan ma a galabaice.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu kafin mu shiga bayani shi ne, ba kowane ɗan tunkiyar da ya yi sanyi ake fara ɗumamawa ba. Wani ɗumi ake fara ba shi, wani kuma in ka fara da ɗumi kai da hannunka ka ƙarasa shi. Bambancin yana ga awa nawa ya yi a duniya da kuma ko yana iya ɗaga kansa.

Dalili kuwa shi ne Allah Ya ajiye wa jaririn tunkiya wani kitse na musamman a wajen ƙodarsa da kewayen zuciya, wanda jikinsa yake ƙonawa ya samar da ɗumi, kamar ɗan man da ake zuba wa sabon babur iya wanda zai kai ka gidan mai. In bai sha nono ba, a cikin kamar awa biyar kitsen nan ya yi ƙasa sosai, sukarin jininsa ma ya sauka. To ɗan da ya wuce awa biyar yana kwance a sanyaye, jikinsa ya rage aiki ne gaba ɗaya shi yasa ma yake numfashi har yanzu. Kana ɗumama shi jikin ya farka ya nemi abin ƙonawa, ƙwaƙwalwa ta nemi sukari babu, sai ka ga ya fara shure-shure yana sanƙarewa, shikenan. Mai shi kuma ya ce ai na yi iya ƙoƙarina har kusa da wuta na kai shi.

Kayan da ya kamata su kasance a gida

Tunkiya wata biyar take da ciki, kwana 147 ko kusa da haka, saboda haka kana da lokacin shiri. Da ka ga hantsa ta fara cika ka tanadi ma'aunin zafi irin na kemis ɗin nan mai lamba, da aidin mai ƙarfi na wanke cibiya, da babban sirinji mai cin mil 50 ko 60, da siririyar robar ɗura mai laushi lamba 14, ana samu a shagon maganin dabbobi, in babu irin wadda ake sa wa marasa lafiya ta hanci a asibiti ma tana yi. Sai garin gulukos, tsofaffin tawul ko zannuwa busassu, kwali babba, gorunan roba na lemo guda uku huɗu, fulas na ruwan zafi, tocila, da ɗan sikelin rataye. Da lambar likitan dabbobi a wayarka, wanda kasan zai ɗauka da dare. Duk kayan nan in ka haɗa kuɗinsu bai kai kuɗin ɗan rago ɗaya da aka yaye ba, balle Balami.

Fara da dubawa, kar ka fara da ɗura

Lafiyayyen ɗan tunkiya cikin rabin awa zuwa awa ɗaya ya miƙe yana laluben nono, in ya tashi daga barci kuma zaka ga ya yi miƙa. Wanda sanyi ya fara kamawa zaka ganshi a tsaye ya ƙudundune, bayansa ya yi doro, kunnuwa sun faɗi, cikinsa ya lotsa ta bayan haƙarƙari, yana ta kuka yana bin kowace tunkiya. In abin ya yi nisa kukan ma dainawa yake, ya kwanta, daga nan ya baje ta gefe. Kar shirun ya ruɗe ka kace ya ƙoshi ya yi barci.

Wanke hannunka ka sa ɗan yatsa a bakinsa. In bakin da ɗumi kuma ya kama yatsan yana tsotsa, da sauran ƙarfi. In bakin ya yi sanyi kuma bai tsotsa ba, aiki ya same ka. Amma yatsa ba ma'auni bane, ka shafa wa ma'aunin ɗan man baselin ka sa masa a dubura kamar santimita biyu zuwa uku, ka jingina shi da gefe kaɗan, ka jira ya yi ƙara. Daga 39 zuwa 40 lafiya lau. Tsakanin 37 da 39 sanyi ya kama shi amma da sauƙi. Ƙasa da 37 kuwa hatsari ne, kuma a wannan matakin sau da yawa ko karkarwa ba ya yi, jikin ya gaji da ita. In ka ga ya haura 40 ba sanyi bane, zazzaɓi ne ko zafin rana, wannan maganar daban ce, likita zaka nema.

Sai ka tambayi kanka yaushe aka haife shi. In ba ka nan aka haihu, dubi cibiya da jikinsa, wanda har yanzu yake jiƙe da ruwan haihuwa cibiyarsa ɗanya shar sabo ne, wanda gashinsa ya bushe ko cibiya ta fara yanƙwanewa ya jima. In kana kokwanto ka ɗauka ya wuce awa biyar, ya fi aminci.

Ko wane iri ne, a tsane shi tukuna

Wannan ba ya jira. Ɗauke shi daga kan siminti da inda iska take bi, share masa majinar hanci da baki, ka goge shi da busasshen tawul tun daga kai har ƙafa, musamman ƙirji da ciki da hammata, tawul ya jiƙe ka canza wani. Gogewar kanta tana motsa shi. In uwar tana lasarsa ka bar ta ta taya ka, lasar nan ce take sa ta san warinsa. Sannan ka tsoma cibiyar gaba ɗaya cikin aidin har zuwa inda ta haɗu da ciki, ka zuba aidin ɗin a murfin gora ka kifa a wajen, ba ɗan shafawa da auduga ba. A wajen kiwonmu na Legas inda ruwan kwata yake shigowa in an yi ruwa, cibiya ce babbar ƙofar da ƙwayoyin cuta suke bi, bayan sati ɗaya ko biyu ka ga gwiwoyi sun kumbura yana ɗingishi. Dan Allah a daina sa toka ko ƙasa ko baƙin mai a cibiya. Bayan 'yan awanni a sake tsoma ta.

Yanzu wanne zaka fara, ci ko ɗumi

In ma'auni ya nuna 37 zuwa 39 kuma yana tsotsa, ko awa nawa gare shi, ka tsane shi ka kai shi ga nono ka riƙe uwar ya sha, in ya kasa kamawa ka tatsa ka ba shi, ka ajiye su tare a inda ba iska, bayan rabin awa ka sake aunawa. Yawanci wannan ya wadatar.

In ƙasa da 37 ne kuma bai kai awa biyar ba, kitsen nan nasa yana nan, sanyin waje ne ya fi ƙarfinsa. Shi wannan ɗumi zaka fara ba shi har ya kai 37 ya ɗaga kai, sannan ka ɗura masa dakashi, wato nonon farko na uwa, ka mayar da shi ɗumi har ya kai 39.

In ƙasa da 37 ne, ya wuce awa biyar, amma yana iya riƙe kansa yana haɗiya, to ci ne farko. Ka ɗura masa dakashi mai ɗumi da roba, sannan ka ɗumama shi, in ya farfaɗo ka ƙara masa.

In kuma ƙasa da 37 ne, ya wuce awa biyar, kai ya langaɓe ba ya iya ɗagawa, ba ya haɗiya, nan ne wajen da ake yawan kuskure. Ba a zuba masa komai a baki, ko da cokali ko da roba, domin abin zai dawo ya gangara huhu ya shaƙe shi. Kuma ba a fara ɗumama shi. Allurar gulukos ake masa a ciki tukuna, zan yi bayaninta a ƙasa.

Maganar dakashi

Nonon farkon nan mai kauri mai ruwan ɗorawa, wanda wasu suke tatsewa su zubar wai datti ne, wallahi shi ne rayuwar ɗan. Tunkiya ba ta ba ɗanta garkuwar jiki tun yana ciki, ta dakashi kaɗai yake samu, kuma hanjinsa a awannin farko ne yake iya ɗaukar garkuwar nan, bayan awa shida ƙofar ta fara rufewa, in ya kwana ya wuni kusan ta rufe. Ga kuma kitse a ciki wanda shi ne makamashin ɗumi.

Lissafin shi ne mil 50 a kowane kilo a shan farko, a so samu cikin awa biyun farko, sannan jimilla kamar mil 200 a kowane kilo cikin awa 24. Wato ɗan kilo uku zai sha mil 150 a karon farko, ya sha wajen mil 600 kafin gobe war haka, a raba sau huɗu ko biyar. Ɗan kilo biyu mil 100 a karo ɗaya. In ya yi laushi sosai ka rage yawan ka ƙara yawan lokutan. Shi yasa nace a sami sikeli, ido yana ƙara wa ɗan tunkiya nauyi.

Na uwarsa ya fi kowanne. Ka wanke hantsar da ruwan ɗumi, ka matsa kowane kan nono, akwai wani ɗan abu kamar kakin zuma da yake toshe bakin, sai ka matse shi ya fita, wani lokacin wannan ɗan toshin ne kaɗai ya hana raunannen ɗa samun nono alhali yana ta tsotsa. In uwar ba ta da shi, nemi na wata tunkiyar da ta haihu a ranar, ko na akuya, zagaya maƙwabta ka roƙa ba abin kunya bane. Na saniya ma yana yi in ba yadda za a yi, sai dai a ƙara yawansa kamar kashi ɗaya cikin uku domin bai kai na tunkiya ƙarfi ba, kuma akwai shanun da dakashinsu yake jawo wa ɗan tunkiya ƙarancin jini bayan sati ɗaya zuwa uku, don haka ka riƙa duba dasashinsa da cikin idonsa, in sun yi fari fat ka kira likita.

Wajen ɗumama dakashi kar a ɗora shi a wuta, zai dunƙule kuma amfanin ya mutu. Zuba shi a gora ka tsoma gorar a kwanon ruwan ɗumi, ka ɗiga a bayan hannunka, ya zama daidai ɗumin jiki. In tunkiyarka mai yawan nono ce ta haifi ɗaya, tatsi ragowar ka ƙulla a leda mil 100 mil 100 ka sa a firiza, yana watanni in dai bai narke ba, amma da yanayin wutarmu in ya narke ya sake daskarewa a zubar kawai.

Abin da ba a ba shi: shayi, kunu, koko, madarar gwangwani mai zaƙi, ruwan sukari. Sabon ɗan tunkiya cikinsa ba ya iya narkar da sukarin da muke sa wa a shayi, zawo zai sa shi, gulukos ne jikinsa yake ɗauka. Haɗin madara da ƙwai da ake yi yana ba da ƙarfi kam, amma babu garkuwa a ciki ko kaɗan, kar a ɗauka ya maye gurbin dakashi.

Yadda ake ɗura da roba

Mutane suna tsoron robar nan, ni kuma a wajena ta fi cokali da bulumboti aminci nesa ba kusa ba ga ɗan da ba ya tsotsa da kyau, domin ita kai tsaye take kai nonon ciki, cokali kuwa a maƙogwaro yake zubawa ya ƙware. Sharaɗi ɗaya ne, ya zama yana riƙe kansa kuma yana haɗiya.

Fara da gwada tsawon robar a jikinsa ta waje, daga kan hanci, bi wuya, har haƙarƙarin ƙarshe, ka sa alama da biro ko zare a wajen. Tsoma ta a ruwan ɗumi ta yi laushi. Zauna a kujera ka ɗora shi a cinyarka ko tsakanin gwiwoyinka, ƙirjinsa a ƙasa kansa a sama yadda yake a tsaye, kar ka kwantar da shi ta gefe kuma kar ka ɗaga haɓarsa sama ka miƙar da wuyan, barin kan yadda yake shi ke sa robar ta bi hanyar abinci. Sa yatsa ta gefen baki ka buɗe, ka zura robar ta kan harshe a hankali a hankali, kana ba shi dama yana haɗiya, zaka ji yana taunarta. Ba a turawa da ƙarfi sam.

Ta ina zaka san ta shiga daidai? Ɗora yatsunka a gefen hagu na wuyansa, in tana hanyar abinci zaka ji wucewarta ƙarƙashin fata, wani lokacin har ka gani. In ta shiga hanyar numfashi ba zaka ji ta ba domin maƙogwaro yana da tauri, kuma zai yi tari ko ya fara fizge-fizge, robar ta tsaya tun kafin ta kai alamar da ka sa, in ka kara bakin robar a kumatunka ka ji iska tana fita daidai da numfashinsa. Ɗan da roba take cikinsa daidai yana iya kuka, wanda take maƙogwaronsa ba ya iyawa. Da ka yi shakka ko yaya take, zare ka sake, ba a asarar komai.

In ta kai alama, cire abin turawa na sirinjin, haɗa bututun da robar, ka zuba dakashin ka ɗaga sama kaɗan ya gangara da kansa. In ya yi kauri ya ƙi sauka ka sirka da ɗan ruwan ɗumi da aka tafasa, ko ka mayar da abin turawar ka tura sannu sannu. Ka gama, ka lanƙwasa robar ka matse ta da yatsa sannan ka zare ta gaba ɗaya a tashi ɗaya, matsewar nan ita ke hana ragowar ɗigowa cikin huhu a hanyar fita. Wanke roba da sirinji da ruwan zafi da sabulu duk bayan amfani. In akwai wanda ya iya a kusa, ka sa ya nuna maka a kan lafiyayyen ɗa tun kafin ranar buƙata.

Allurar gulukos a ciki

Wannan aikin likitan dabbobi ne ko wanda likita ya koya wa hannu da hannu, amma ya kamata ka san yadda take domin ka san me zaka nema in ka buga waya, kuma ka tanadi kayan. Ruwan gulukos na allura ake amfani da shi, mai ƙarfin kashi 20 cikin ɗari, mil 10 a kowane kilo. Ba garin gulukos na sha ake damawa ba, wannan ba ya shiga allura. A kemis an fi samun mai kashi 50, sai a sirka, kashi biyu na gulukos kashi uku na ruwan da aka tafasa, ɗan kilo uku kenan mil 12 na gulukos da mil 18 na ruwa, ya ba da mil 30, a bari ya dawo ɗumin jiki. Ana riƙe ɗan ta ƙafafun gaba jikinsa yana reto, a goge wajen da aidin, kamar santimita ɗaya a gefen cibiya da santimita biyu ƙasa da ita, a soka sabuwar allura mai tsawon inci ɗaya a karkace tana kallon gindin wutsiya, a ɗan ja baya a gani, in jini ko fitsari ko nono ya shigo sirinji a zare a canza allura, in ba komai a tura a hankali. Daga nan sai ɗumi nan take.

In dare ne ba likita ba hanya, ka dama garin gulukos da ɗigon ruwa ya yi kauri ka shafa masa a dasashi da ƙasan harshe da yatsa, ɗan kaɗan wanda ba zai gangara ba, ka maimaita, kana ɗumama shi a hankali. Bai kai allurar ba ko kusa, amma ya fi a zauna ana kallonsa.

Ɗumamawa

Ɗauki kwali ka shimfiɗa busasshen buhu ko ciyawa, cika gorunan roba da ruwan zafi ka naɗe kowace da tsumma ka jera a gefe da gefe, kar gora ta taɓa fatarsa kai tsaye domin ɗan da ya galabaita ba ya iya matsawa in ya ji ƙuna. Kwantar da shi a kan ƙirjinsa, ka rufe kwalin ka bar kafar iska. Iskar ciki ta zama mai ɗumi kamar 35 zuwa 37, kar ta wuce 40. In akwai wuta, na'urar busar da gashi ta mata tana aiki sosai, a riƙe ta nesa kaɗan ana kaɗawa. Wata hanyar mai sauri ita ce a sa shi a babbar leda kansa a waje, a tsoma jikin a bahon ruwan ɗumi wanda gwiwar hannunka zata iya zama a ciki ba ƙuna, ana riƙe da kan, ana ƙara ruwan zafi in ya huce. Ledar tana hana shi jiƙewa kuma tana hana warin da uwar ta sani wankewa.

Abu biyu nake roƙo a kiyaye. Kar a kai shi kusa da janareto wai ya ji ɗumin inji, hayaƙin nan da yake kashe mutane a ɗaki shi zai fara kashewa. Haka kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. In gawayin ne kaɗai da kai, ka dafa ruwa da shi a waje ka cika goruna.

Duk minti ashirin zuwa talatin ka auna. Ya kai 37 ya ɗaga kai, ɗura dakashi. Ya kai 39, fito da shi, domin zafi in ya yi yawa shi ma kisa yake, da ka ga yana haki baki buɗe an wuce gona da iri. Wani cikin awa ɗaya zaka ji ya yi kuka yana neman tashi, wani sai ya ɗauki awa uku ko fiye. In ya ɗumama ya koma 39 amma har yanzu ya ƙi ɗaga kai, ko numfashinsa yana gurnani, akwai wata matsalar bayan sanyi, wahalar haihuwa ko nono ya shiga huhu ko cuta, wannan sai likita.

Mayar da shi wajen uwa

Kar ka riƙe shi a ɗaki fiye da yadda ya kamata, duk awar da ya ƙara nesa da ita tana ƙara yiwuwar ta ƙi shi. In tagwaye ne ka ɗauke ɗaya, gara ka kawo uwar da ɗayan kusa da kwalin tana jin kukansa. Ka keɓe musu ɗan lungu su kaɗai na kwana biyu uku, busasshe, an ɗaga ƙasan da katako ko an zuba ciyawa mai kauri, an tare gefen da iska da feshin ruwa suke shigowa da buhu ko tampol, a bar sama a buɗe iska tana wucewa. Bokitin ruwan uwar a rataye shi ko a ɗora a sama kaɗan, raunannen ɗa yana faɗawa ciki.

Sannan ka binciki dalilin da ya sa abin ya faru tun farko, in ba haka ba gobe da asuba zaka sake tsintarsa a kwance. Taɓa hantsar, in gefe ɗaya ya yi tauri da zafi ko nonon yana fita da gudaji ko jini, ciwon hantsa ne, uwar tana buƙatar magani ɗan kuma yana buƙatar ƙari. In haihuwar fari ce tana gudunsa ko tana tunkuɗe shi, ɗaure ta ka riƙe ya sha sau huɗu biyar a rana, yawanci cikin 'yan kwanaki take sallamawa. In ramammiya ce ba nono, ka ƙara mata harawa da dusa da ƙowar wake a hankali, da ruwa mai yawa, na san harawa tana tsada a Legas amma mai shayarwa ba a yi mata ƙwauro. Ganin ɗa a ƙarƙashin uwa ba shi ne ya sha ba, ɗaga shi ka taɓa cikin ta bayan haƙarƙari, in ya sha zaka ji ya cika.

Kwanakin da suka biyo baya ka sa ido a kan kashinsa, na farko baƙi ne mai danƙo, daga baya ya koma ruwan ɗorawa, in ya manne ya toshe ƙarƙashin wutsiya ka wanke da ruwan ɗumi ka tsane. In ka ga bakinsa yana dalalar da miyau, ciki ya kumbura, ya ƙi nono, musamman a kwana ukun farko, ko zawo kamar ruwa, ko cibiya ta kumbura tana wari, kar a kwana ba a kira likita ba, irin waɗanda basu sami dakashi da wuri ba su ne abin ya fi kamawa.

In uwar ta mutu ko ta ƙi shi ƙememe, bayan awa 24 na dakashi sai a koma madara a bulumboti, hudar kan ta zama ƙarama yadda in ka kifa ɗigowa zata yi ba zuba ba, yana tsaye yake sha ba a rungume a kwance ba. Nonon akuya ya fi, sai na saniya sabo da aka tafasa ya huce, ban da kindirmo ko nono mai tsami. In madarar gari ce a nemi mai cikakken kitsenta na asali marar sukari, nonon tunkiya ya kusa ninka na saniya kitse shi yasa ɗan da ake shayarwa da hannu yake ɗan jinkirin girma. Ɗan kilo uku a satin farko kamar mil 500 zuwa 600 a rana, a raba sau huɗu ko biyar har da na dare, ana ƙarawa kaɗan kaɗan, cika masa ciki a tashi ɗaya kumburi yake kawowa. Daga sati na biyu a ajiye masa ganyen harawa mai laushi da ruwa mai tsabta ya fara taɓawa.

Sai maganar iyali. Hajiya in kina da juna biyu, ki bar wa maigida ko yara manya wannan aikin gaba ɗaya, kar ki taɓa sabon ɗan ko mabiyiya ko tsumman da aka goge shi, akwai cututtukan tumaki da suke bin ruwan haihuwa su jawo wa mace ɓari. Wanda ya yi aikin ya wanke hannu da sabulu har gwiwa, tsumman a jiƙa su a ruwan zafi daban da kayan gida, mabiyiyar kuma a binne ta da zurfi inda kare ko kyanwa ba za su tono ba.